Wai shin Annabi (SAW) ya naɗa wanda zai gaje shi ko bai naɗa ba?

Maman_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah taimako nake nema amma da ilimi, banda zagi. Ina koyar da sira a wata islamiyya a unguwarmu, ajin 'yan mata 'yan shekara sha biyu zuwa sha huɗu. Jiya muna karatun wafatin Manzon Allah (SAW) na ce musu bayan rasuwarsa sahabbai suka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, sai wata yarinya da ke zama can baya jikin taga, wadda ko magana ba ta cika yi ba, ta ɗaga hannu ta ce "Malama ai a gidanmu an ce Annabi ya riga ya naɗa Imam Ali a Gadir." Wlh ajin ya yi tsit, ni kuma ga alli a hannuna na rasa ta ina zan fara, sai na ce mata za mu dawo kai Asabar mai zuwa. To ga Asabar na matsowa. Shin ya naɗa ko bai naɗa ba, kuma me zan ce wa yarinyar nan a gaban ƙawayenta?

Abu_Sumayya:
Wa alaikumussalam Malama. Amsar a taƙaice take, bai naɗa kowa da baki ƙarara ba amma ya yi ishara ga Abubakar (RA). Da ciwo ya tsananta cewa ya yi ku umarci Abubakar ya yi wa mutane limanci, Nana A'isha ta ce babanta mai saurin kuka ne a sa wani, ya maimaita. Sannan ga matar da ta zo da buƙata ya ce ta dawo, ta ce in ban same ka ba fa, ya ce ki je wajen Abubakar. Duk suna Buhari da Muslim. Ki faɗa mata haka kawai.

Haidar_Zazzau:
Malama Allah ya saka da alheri da ba ki kunyata yarinyar ba, wata malamar da bulala za ta amsa mata. Abin da ta faɗa ba daga gidansu aka ƙirƙiro shi ba. Ranar 18 ga Zulhajji shekara ta 10 bayan hijira, ana dawowa daga hajjin bankwana, a wani wuri da ake kira Gadir Khum kusa da Juhfa, Manzon Allah (S) ya tsayar da ayari ya kama hannun Imam Ali (AS) ya ɗaga ya ce man kuntu maulahu fa Aliyyun maulahu, duk wanda na zama maulansa to Ali maulansa ne. Kuma kar a ce littafanmu ne, ki duba Tirmizi da Musnad na Imam Ahmad da Ibn Majah.

Abu_Sumayya:
Ba ya cikin Buhari.

Haidar_Zazzau:
To yanzu duk abin da ba ya cikin Buhari ƙarya ne kenan? Albani naku ma ya inganta shi akhi.

Malam_Tukur_Gusau:
Ku dakata. Abu Sumayya kar ka tsaya nan, Haidar ya fi ka gaskiya a wannan gaɓar, hadisin ya inganta kuma sahabbai da yawa suka rawaito shi. Muslim ma ya kawo tsayuwar Khum ɗin daga Zaidu bin Arƙam, inda Annabi (SAW) ya yi wasiyya da littafin Allah sannan ya ce ina tunatar da ku Allah game da iyalan gidana har sau uku. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Inda aka rabu shi ne kalmar maula, don a larabci tana ɗaukar masoyi, tana ɗaukar mataimaki, tana ɗaukar ubangida, har bawan da aka 'yanta ma maula ne. Ahlussunna suka ce akwai abin da ya jawo maganar, an tura Sayyidina Ali Yaman da runduna, wasu daga cikinsu suka dawo suna ƙorafi a kansa kan ganima, Buraida ma da bakinsa ya ba da labarin yadda ya kai ƙara fuskar Annabi ta canza. Sai suka fahimci maganar a kan wanke Ali ce da wajabta son sa, shi ya sa addu'ar da ta biyo baya ta ce ya Allah ka jiɓinci wanda ya jiɓince shi ka ƙi wanda ya ƙi shi. Shi'a kuma suka ce shugabanci ake nufi.

Haidar_Zazzau:
Allah ya gafarta Malam na ji daɗin adalcinka, amma a yi tunani mana. A tsayar da dubban mutane a cikin garjin rana a hanyar sahara, a haɗa siraden raƙuma a yi mumbari, duk don a ce ku so Ali? Wa bai san a so Ali ba a lokacin? Kuma kafin ya faɗi kalmar sai da ya tambaye su, ashe ban fi cancanta ga muminai fiye da kawunansu ba, suka ce haka ne, sannan ya ɗora maganar maula a kai. Ruwa ba ya tsami banza. Ga kuma abin da ya ce masa lokacin yaƙin Tabuka, kai a wurina kamar Haruna ne a wurin Musa sai dai babu annabi bayana, wannan kam yana Buharin da ake nema.

Abu_Sumayya:
Annabi Haruna ya riga Annabi Musa rasuwa, Yusha'u ne ya ja Bani Isra'ila bayansa. Tsaron Madina aka bar wa Ali na tafiya ɗaya, kuma ba shi kaɗai aka taɓa bar wa Madina ba, Ibn Ummi Maktum ma an sha bar masa.

Ɗan_Maraɗi:
Ni dai ba malami ba ne, tireda gare ni, amma akwai abin da ke ɗaure min kai. Daga Gadir zuwa wafati ko wata uku ba a yi ba. In har an naɗa Ali a gaban kowa, me ya kai mutanen Madina rumfar Bani Sa'ida suna shirin naɗa nasu? Su ba su nemi Abubakar ba, ba su nemi Ali ba, Sa'adu bin Ubada suka ɗauko shi da rashin lafiyarsa. Mutanen da suka ba da gidajensu da gonakinsu da 'ya'yansu, duk rana ɗaya suka manta?

Malam_Tukur_Gusau:
Tambayarka ce ginshiƙin hujjar Ahlussunna ɗan Maraɗi. Bari in ɗan faɗi yadda zaman ya kasance don Malama ta samu abin faɗa. Ranar Litinin ce a shekara ta 11, wato 632, ba a ma yi jana'iza ba, Ali da Abbas da iyalan gida suna can kan shirin wanka. Labari ya iske Umar da Abubakar cewa Ansaru sun taru a Saƙifa, wato rumfar Bani Sa'ida da ka ambata, suka tafi tare da Abu Ubaida. Mai magana da yawun Ansaru ya faɗi falalarsu, Umar ya shirya jawabi a ransa Abubakar ya ce masa ya dakata, ya yi magana da kansa, ya yarda da duk falalar da suka faɗa amma ya ce Larabawa ba za su miƙa wuya ga kowa ba sai Baƙuraishe. Hubabu bin Munzir ya ce to a yi shugaba daga cikinmu shugaba daga cikinku. Abubakar ya ce mu ne sarakuna ku ne wazirai, ya kama hannun Umar da na Abu Ubaida ya ce ku zaɓi ɗaya. Hayaniya ta kaure, sai Umar ya ce miƙo hannunka ya Abubakar, ya yi masa mubaya'a, mutane suka biyo. Washegari aka yi ta gama-gari a masallaci. Kuma a Buhari akwai inda Abbas ya ja Ali gefe cikin kwanakin jinyar ya ce mu shiga mu tambaye shi wa zai riƙe al'amarin nan, Ali ya ce in muka tambaya ya hana mu mutane ba za su taɓa ba mu ba. Sunna suka ce wanda aka naɗa a Gadir ba zai yi wannan maganar ba.

Zainab_Kd:
Malam ka faɗi zaman amma ka tsallake abu biyu. Na farko shi kansa Umar a huɗubarsa ya ce mubaya'ar Abubakar falta ce, wato abu ne na ba-zata, Allah ne ya kare sharrinta, kuma duk wanda ya sake yin irinta ba shawara kar a bi shi. Na biyu ranar Alhamis. Manzon Allah (S) yana kwance ya ce a kawo abin rubutu in rubuta muku abin da ba za ku ɓata ba bayansa, aka ce ciwo ya rinjaye shi littafin Allah ya ishe mu, aka yi ta gardama a gabansa har ya ce ku tashi ku ba ni wuri. Ibn Abbas in ya tuna ranar nan kuka yake har hawayensa ya jiƙa tsakuwa. Mu dai mun san abin da za a rubuta, kuma tambayar ɗan Maraɗi amsarta tana nan, wanda aka iya hana wa takarda yana raye ai ba abin mamaki ba ne a ajiye maganarsa bayan ya rasu, su Ansaru kuma sun hango inda Ƙuraishawa suka dosa ne suka ce gara su riga su.

Abu_Sumayya:
Subhanallah 'yar uwa ki auna maganarki. Daga Alhamis zuwa Litinin kwana huɗu ya yi a raye, in wajibi ne isar da abin wa ya isa ya hana Manzon Allah? Kuma ke kika san abin da za a rubuta? A Muslim Nana A'isha ta ce ya ce mata kira min babanki da ɗan uwanki in yi rubutu, sannan ya ce Allah da muminai ba za su yarda da kowa ba sai Abubakar. Kin ga kowa na da takardarsa.

Sarkin_Yaƙin_Sunna:
[an goge wannan saƙon]

Admin_Sagir:
Na goge kuma na ƙarshe kenan. Duk wanda ya kafirta wani ko ya taɓa sahabi ko iyalan gidan Annabi zan cire shi daga guruf ɗin nan ko ɗan uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Malama ilimi ta nema. A ci gaba.

Ummu_Khalil:
Ni abin da ya fi taɓa min zuciya ba kujerar ba ce, Nana Faɗima ce. Ranar da malaminmu ya karanta mana hadisin Fadak, ƙasar noman da Annabi ya bari, a darasin mata na bayan la'asar wlh sai da na kasa cin abinci da daddare, don ni a zatona ƙagen 'yan shi'a ne ashe yana Buhari. Ta nemi gadonta, Sayyidina Abubakar ya ce ya ji Annabi ya ce mu ba a gadonmu abin da muka bari sadaka ne, ta yi fushi ba ta ƙara yi masa magana ba har ta rasu bayan wata shida, kuma da daddare Sayyidina Ali ya binne ta. Sai bayan nan ya aika wa Abubakar ya zo gida, ya ce masa mun san falalarka ba ma yi maka hassada amma an yanke al'amarin ba da mu ba alhali muna ganin muna da haƙƙi saboda kusancinmu da Manzon Allah, har idon Abubakar ya zubar da hawaye, sannan ya fito bayan azahar ya yi mubaya'a a masallaci. Na tambayi malam to waye mai laifi, ya ce min Hajiya rufe littafin mu yi musu addu'a.

Zainab_Kd:
Kin ga ni ba sai na ƙara komai ba Yaya. Kuma Alƙur'ani ya ce Sulaimanu ya gaji Dawuda.

Malam_Tukur_Gusau:
Gadon annabta da mulki ne a tafsirin Sunna Malama Zainab, suka ce in dukiya ce ai ba Sulaimanu kaɗai ne ɗa ba. Suna kuma ƙarawa da cewa hukuncin ya hau kan A'isha 'yar Abubakar da Hafsa 'yar Umar, su ma ba su samu tumunin mata ba, sannan da Ali ya zama halifa bai raba Fadak a matsayin gado ba. Maganar wata shida kuma akwai wata riwayar ta Abu Sa'idul Khudri a wajen Baihaƙi da ta ce ya yi mubaya'a tun farko, Ibn Kasir ya haɗa su ya ce ta bayan wata shidan sabuntawa ce. Amma ni ba na ɓoye wa ɗalibaina cewa an samu saɓani da ɓacin rai, wanda ya ce komai lafiya lau aka yi bai karanta ba.

Baba_Na_Sakkwato:
Yaran nan kuna ba ni sha'awa. Mu a zaure muka yi Risala ta Ibn Abi Zaid, a nan farko-farko aka ce mafifitan sahabbai Abubakar sannan Umar sannan Usman sannan Ali, kar a ambaci ɗayansu sai da kyakkyawan ambato, kuma a kame baki daga abin da ya gudana tsakaninsu. Malaminmu in ya zo gun nan sai ya ɗora yatsa a leɓe ya wuce. Amma ko a nan gida ai mun ga irinta, da Shehu Usmanu ya rasu a 1817 aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a a Sakkwato, ƙanen Shehu Malam Abdullahi ya taho ya tarar an rufe ƙofar gari, ga shi waziri ga shi babban malami. Ya koma da ɓacin rai, sai a yaƙin Kalambaina suka shirya. Har yau ba wanda ya zagi ɗayansu. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Haidar_Zazzau:
Baba ranka ya daɗe misalin ya yi daɗi amma bai hau ba. Bello da Abdullahin Gwandu ba wanda ya ce Allah ne ya naɗa shi. Mu a wurinmu imamanci ba sarauta ba ce da masu zaɓen sarki za su zauna a kai, matsayi ne na addini kamar yadda ba a zaɓen annabi, Allah ke ayyanawa, daga Imam Ali har zuwa na sha biyu. Ahlussunna kuma suna ganin halifanci maslahar al'umma ce ta zaɓi wanda ya dace. Asalin rabuwar kenan, sauran duk rassa ne.

Aliyu_Tarihi:
Wannan maganar ta Haidar ita ce ta fi komai da aka faɗa yau amfani, ko da ban yarda da ɓangarensa ba. Ina so in ƙara cewa muna ɗaukar rigar yau muna sa wa mutanen jiya. A Saƙifa babu wani mai suna ɗan sunna ko ɗan shi'a. Kalmar shi'a ma asalinta magoya baya ne, a zamanin fitina ana cewa shi'ar Ali ana cewa shi'ar Usman. Ku duba yadda huɗun suka hau, Abubakar a Saƙifa, Umar Abubakar ne ya ayyana shi, Usman ta shawarar mutum shida da Umar ya ware har da Ali a ciki, Ali kuma bayan an kashe Usman a shekara ta 35. Sai yaƙin Jamal a 36, na Siffin a 37, aka kashe Ali a Kufa a 40, Hasan ya sauka ya bar wa Mu'awiya a 41, sai Karbala a 61. Jinin da aka zubar a waɗannan shekarun shi ya sa aka koma ana karanta Saƙifa da wani ido. Kuma shi'a ba ɗaya ba ce, Zaidiyya na Yaman da yawansu suna ganin Ali ya fi cancanta amma halifancin Abubakar da Umar ya inganta.

Zango_Boy_Kumasi:
Ni duk wannan ya fi ƙarfina lol. A gidanmu a Kumasi babana Abubakar, yayana Umar, ni Ali, 'yan biyunmu Hasan da Husaini, autarmu A'isha, kuma faɗanmu ɗaya ne wa ya cire cajin wani.

Abu_Sumayya:
Ai shi ma Aliyu bin Abi Ɗalib (RA) haka gidansa yake, cikin 'ya'yansa akwai Abubakar akwai Umar akwai Usman. Kuma ɗansa Muhammad bin Hanafiyya ya tambaye shi wa ya fi kowa bayan Annabi ya ce Abubakar sannan Umar.

Zainab_Kd:
Sunaye ne da Larabawa ke sawa ko'ina a lokacin. Ka karanta huɗubar Shaƙshaƙiyya ka ji abin da ya faɗa da bakinsa.

Aliyu_Tarihi:
Ita kuma tana cikin Nahjul Balaga da Sharif Radi ya tattara wajen shekara ta 400, shi ya sa malaman Sunna ke tambayar isnadi, ku kuma kuna cewa akwai ta a littafan da suka riga shi. Kun ga mun koma gidan jiya, kowa da ma'auninsa na riwaya.

Maman_Hanan:
Na gode ƙwarai, na cika shafi uku na littafina. Amma har yanzu ba a ce min ga abin da zan faɗa wa yarinyar ba, minti talatin ne fa darasin kuma akwai hedimasta.

Malam_Tukur_Gusau:
Malama ki ce mata hadisin da ta ji gaskiya ne, ki karanta musu shi ma da kanki. Sannan ki ce mu a makarantar nan fahimtarmu ita ce son Ali da jiɓintarsa ake nufi, ga dalilanmu, limancin sallah da abin da sahabbai suka taru a kai, su kuma Shi'a sun fahimci naɗi ne. Kar ki sa ta zaɓi tsakaninki da babanta a gaban aji, kuma ki ja kunnen sauran kar wadda ta tsokane ta a hanyar gida.

Abu_Sumayya:
Malam da girmanka amma wannan sassauci ya yi yawa, islamiyya ba wurin "su sun ce mu mun ce" ba ne, a faɗa wa yara gaskiya ɗaya.

Haidar_Zazzau:
Ni kuma da za ki ƙara musu da tambayar ashe ban fi cancanta ga muminai ba da ta zo kafin kalmar, kar a yanke hadisin a tsakiya.

Maman_Hanan:
Zan karanta shi cikakke in sha Allah, zan kuma karanta na limancin. Amma sai na fara shiga ofis na sanar kar a ji daga bakin iyaye.

Ɗan_Maraɗi:
Ku yi haƙuri kwastoma ne ya riƙe ni. To shi Sa'adu bin Ubada da aka taru dominsa fa, ya ƙare da shi? Na ji an ce bai yi mubaya'ar ba har ya koma Sham ya rasu a Hauran, Malam Tukur haka ne?

Malam_Tukur_Gusau:
Haka masu tarihi da yawa suka kawo. An kira magariba nan Gusau, in na dawo masallaci zan rubuto.